Waya a Cikin Indararo

A unguwarmu ta cikin Birnin Damagaram, in ka ɗaga kai, kafin ka ga sama sai ka ga wayoyin Mai Nasara. Sun taso daga kan dutsen da ke bayan gidansa, inda ya kafa manyan farabol ɗinsa masu kamo tashoshin talabijin, sun bi lungu-lungu daga wannan bango zuwa wancan, kowace ta shige gidan da ake biyan sa kuɗin wata. Dokarsa kowa ya san ta: kowace tele da bakinta, kowane baki da kuɗinsa. In kana son ta biyu a ɗakin matarka ko na uwarka, shi zai zo ya ja wayar da hannunsa, ka biya kuɗin aiki, in wata ya ƙare kuma ka ƙara rabin abonma, wato kuɗin wata, a kan wanda ka saba. Wanda ya ja da kansa kuwa, a yanke masa layi gaba ɗaya, ba a mayarwa sai ya biya amandi, wato tara. Mutanenmu suna zagin sa a bayan ido, in ya zo wucewa su gaishe shi da hannu biyu.

Ɗanƙarami na cikin masu biya. Sunansa na yanka Abubakar, amma shi ne autan Ya Fanta, don haka har furfura ta fara leƙowa a gemunsa ba wanda ya damu ya sauya masa suna. Yana da ɗan shago a jikin zauren gidansu inda yake cajin salula, da yamma kuma ya jera benci samari su biya su kalli ƙwallo. Da telen nan ake cin tuwo a gidan, shi da matarsa Raudatu da 'ya'yansu mata da tsohuwar. Mutum ne mai sauƙin kai, mai son uwarsa fiye da yadda aljihunsa zai iya ɗauka.

Ɗakin Ya Fanta na can ƙuryar gida. Soron ƙasa ne mai rufin azara, wanda kakan mijinta ya gina bayan zuwansu daga Barno, azarar ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin turaren wutar da take haɗa wa amare. Nan aka kawo ta tana amarya, nan ta haihu, nan aka yi wa mijinta wanka. Babban ɗanta Abdullahi, ma'aikacin gwamnati a Takieta, ya gina gidan siminti ya ware mata ɗaki, ya yi lallashi ya yi faɗa, ta ce ba inda za ta. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce, "Ku gaya wa mutumin Takieta, daga ɗakin nan sai makabarta." Duk unguwa an san maganar nan, har yara suna kwaikwayon ta.

Ba da baki kawai take riƙe da ɗakin ba. Duk bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai ta aika a kira Baba Kolo magini. Ya jingina tsani, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya kamar yadda aka saba a Birni, "Za a hau sama, mata a rufa," don matan maƙwabta su ja mayafi ko su shige ɗaki. Sannan ya hau, ya toshe tsaga, ya sabunta yaɓe, ya zura hannu ya share indararo. A ƙarƙashin indararon akwai tsohon dutsen niƙa da ta ajiye don kada ruwa ya haƙe gindin bango. In ana ruwa, daga kan gadonta take jin yadda yake dukan dutsen, ta gaya maka ko gonakin Gaffati sun samu ko ba su samu ba.

Abu ɗaya ke fito da ita daga ƙuryar nan kullum. Da hantsi, kafin samari su cika shago, sai ta dogara sanda ta zo ta zauna a bakin benci, Ɗanƙarami ya kamo mata tashar da ke nuna Ka'aba dare da rana. Ba ta taɓa zuwa ba, kuma ta daina sa rai. Sai ta duba cikin masu ɗawafi ta zaɓi wata tsohuwa baƙa kamar ta, ta bi ta da ido har ta ɓace a gefen gilashi, ta ce, "Allah ya karɓa miki, 'yar'uwa," ta zaɓi wata.

Cikin sanyin bara ta zame a makewayi, ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi nasa, gidan likita suka yi nasu, aka dawo da ita kan gadonta aka ce sai haƙuri. Tun daga nan ba ta sake taka ƙasa ba. Tana kwance tana kallon azara, koko ya huce a gefenta, tuwo ya kwana. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, sai dai kullum ka shiga ka tarar ta ragu.

Abdullahi ya zo ya gan ta, ya fito tsakar gida ransa a ɓace. Ya ce wa ƙanensa, "Ka ajiye ta a duhu tana ƙirga itace. A wurina akwai fanka, akwai tele a ɗakinta. In na dawo na tarar ba ta ci ba ta sha, mota zan kawo, ko tana so ko ba ta so."

"Yaya, in ka fitar da ita daga ɗakin nan ka kashe ta."

"To ka sa ta ci abinci," in ji Abdullahi, ya shiga motarsa.

Ɗanƙarami ya san abin da zai sa ta ci. Ya gwada nuna mata Makka a salula, ta ce ita tururuwa take gani. Telen shago kuwa ba ta ɗaukuwa, in ta bar wurinta tukunya ta sauka daga murhu. Sai ya sa riga mai kyau ya hau dutse wurin Mai Nasara, ya same shi a ɗan ɗakinsa mai cike da na'urori yana shan shayi.

"Alhaji, baki na biyu nake so, a ɗakin Iya. Tasha ɗaya tak za ta kalla, ta Makka. Na ce ko za ka yafe mini kuɗin watan, in lallaɓa in biya na aiki."

Mai Nasara ya ajiye kofi. "Allah ya ba Ya Fanta lafiya, da turarenta aka kai matata ɗaki. Amma Ɗanƙarami, ni ma haya nake yi. Waɗanda nake sayen tashoshin a hannunsu ba su san Ya Fanta ba. Kuma ka nuna mini gida ɗaya a Birni da babu tsohuwa ko tsoho a kwance. In na yafe maka yau, gobe layi za a yi a ƙofar nan."

"Ko rabin rabin ne, Alhaji."

"Baki baki ne, ko Makka za a kalla ko kokawa. To, in ka samu ka zo, ni da kaina zan ja mata."

Ba zan ce ƙarya ya faɗa ba. Amma na tsani gaskiyar da ake faɗa wa mutum ana kurɓar shayi, shi yana tsaye.

Ranar Alhamis Ɗanƙarami ya shiga Kasuwar Dole. Ya sayi waya 'yar gwanjo, da ɗan ƙarfen nan mai raba layi gida biyu, da wata ƙaramar tele mai ƙusumbi da wani mai gyara ya gaji da ajiyarta. Jan wayar daga shago zuwa ƙuryar gida ba wuya, ya bi da ita gindin bango ya rufe da ƙasa. Wahalar tana bakin ɗakin Iya. Ƙofar tana kallon tsakar gida, inda matan unguwa ke shiga da fita gaishe ta, kuma bakin matan unguwarmu ba ya riƙe ko gishiri. Bangon kuwa ya fi tsawon hannu kauri, ba ya hudawa a ɓoye. Sai ya tsaya yana kallon indararo. Ga rami a shirye tun zamanin kakanni, a bayan ɗaki inda ba mai zuwa. Wayar ta hau ta bayan bango, ta shige ta cikin indararo zuwa saman soro, ya huda tsakanin azara biyu ta sauko kan Iya.

Raudatu ta ce, "Malam, hanyar ruwa ce fa."

"Waya ce siririya, ba gungume ba. Ruwa zai wuce ta gefenta."

Saura hawa. Namiji ba ya hawa soro a Birni bai yi shela ba, in kuwa ya yi shela, kafin ya taka matakala ta uku labari ya kai kan dutse. Saboda haka ya jira Juma'a. Da maza suka ɗunguma masallaci, Mai Nasara a cikinsu da dardumarsa a kafaɗa, shi ya jingina tsani ya hau shiru kamar ɓarawo a gidan ubansa. Rana na dukan sa, yana jin huɗuba daga lasifika yana auna sauran lokaci. Ya huda rufin da ƙarfe, ya zura wayar, ya liƙe ramin da ɗanyen laka, ya binne sauran a ƙarƙashin yaɓe. Da ya duba sai ya ga wayar tana ƙyalli a bakin indararo, kuma daga kan dutse ana hango saman kowane soro. Ya kira Raudatu a hankali ta miƙo masa tsumma. Ya naɗe wayar da shi, ya cusa cikin indararon, ya shafe da laka har ta saje. Ana sallamewa yana saukowa.

Da yamma ya ɗora telen a kan akwatin Iya ya kunna. Hoton ya yi rawa, ya tsaya, sai ga Ka'aba da farin mutane suna kewaya ta. Ya Fanta ta ƙura mata ido. Can ta ce, "Tayar da ni." Suka jingina ta da matashi. Ta bi wata tsohuwa da ido har ta ɓace, ta ce, "Raudatu, kokon nan da saura?"

Da yake gidana na jikin nasu, na shiga gaishe ta a kwanakin, na tarar da ita tana faɗa da jikokinta a kan sun tare mata gilashi, na yi murna har cikin raina. An rataya tsohon zane a bango ya rufe wayar, ana gaya wa masu zuwa faifai ne ake sa mata. Abdullahi ya zo, ya tarar tana cin tuwo da hannunta, ya kalli telen, ya kalli ƙanensa, bai tambayi komai ba, bai kuma sake maganar mota ba. Bazarar nan ita ce daɗin da gidan ya ji.

Amma layi in aka raba shi ƙarfinsa raguwa yake, kuma wayar gwanjo ba ta riƙe sirri. Gidajen da ke bayan nasu suka fara ganin hoto yana yayyafi. Suka kai ƙara, Mai Nasara ya ce akwai mai shan layinsa a lungun nan, kuma sai ya kama shi. Ya riƙa bin bango da ido, yana leƙa zaure, yana tsayawa a kan dutsensa hannu a goshi yana duban saman gidaje. Har Juma'a ya koma sai an kusa tayar da salla yake saukowa. Ya shiga shagon Ɗanƙarami ya duba bayan tele, amma ɗan ƙarfen yana binne a ƙasa ƙarƙashin benci, ya fita yana ƙwafa.

Ana cikin haka iska ta juya, gabas ta fara yin duhu da la'asar. Ya Fanta ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yan kuɗin turarenta na ƙarshe, ta ce, "Ɗanƙarami, a kira Kolo ya hau sama."

Baba Kolo surukin Mai Nasara ne, 'yarsa ce uwargidan kan dutse. Kuma abin da zai fara yi in ya hau shi ne ya zura hannu cikin indararo. Ɗanƙarami ya karɓi kuɗin ya ce to. Da Baba Kolo ya biyo da kansa yana tambayar ko bana ba za a yi yaɓen Ya Fanta ba, ya ce masa ai ya riga ya sa an yi. Tsohon ya kalle shi, ya ce Allah ya sa an yi da kyau, ya wuce da tsaninsa.

Bayan kwana biyu Iya ta ce, "Kolo bai zo ba."

"Ya zo, Iya. Kina barci."

"Ban ji shela ba. Ban ji takunsa a kaina ba."

"Na ce ya yi a hankali kada ya tashe ki."

Ta dube shi, ta mayar da ido kan masu ɗawafi. A ransa ya ce zai hau da kansa ya cire tsumman ya gyara yaɓen, da zarar Mai Nasara ya gaji da tsayuwa a kan dutse. Mai Nasara bai gaji ba.

Ruwan farko ya sauka da hantsi. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle, Ɗanƙarami yana ɗakin Iya yana gyara mata matashi. Ta ɗaga hannu ta ce, "Rage muryar telen." Ya rage. Ta karkata kai tana saurare, ta daɗe.

"Ba haka yake zuba ba."

"Ruwan ne ba shi da ƙarfi, Iya."

"Ina jin sa a kwanon shagonka, yana da ƙarfi. Dutsena ne ban ji ba."

Ya zagaya bayan ɗaki. Indararon da ya saba feso ruwa har ya wuce dutsen niƙa, yau ɗiga yake kamar bakin buta. Ya samo kara ya zungura daga ƙasa, laka ta ɗan zubo, wayar ta motsa, ya ji tsoron kada ya tsinke ta ya bari. Hawa kuwa ba dama, soron ƙasa in ya jiƙe ba a taka shi sai ya sha rana, kuma damunar bana ba ta ba shi rana ba. In an ɗauke yau, jibi an dawo.

Tabo ya fito a rufin, daidai inda wayar ta shigo, ya yi ta faɗi. Sai ɗigo ya fara bin wayar yana sauka a bayan zanen da aka rataya. Raudatu ta ajiye kwano a wurin, ta ja mijinta gefe.

"Malam, don Allah ka je ka faɗa masa gaskiya. Ya yanke layin, a kira Baba Kolo ya buɗe indararon ko da daga kan tsani ne."

"In ya yanke mu ci me? Ƙwallon Turai ta tafi hutu, shagon da ƙyar yake kawo na cefane. Amandin nan ko na sayar da bencina duka ba zai kai ba. Kuma ranar da telen nan ta mutu, Iya ta daina cin abinci, Yaya ya kawo mota."

"In ɗakin ya faɗi fa?"

"Ɗakin da ya ga kakana? Ki bari a samu rana biyu a jere, in hau."

Tsoro ne ya hana shi, ba mugunta ba, kuma na san tsoron, don duk wanda ke ci daga hannu zuwa baki ya san shi. Iya kuwa ba ta sake tambayar indararo ba. Sai dai in an fara ruwa takan sa a kashe telen, ta kwanta shiru idonta a kan tabon.

Babban ruwan ya zo cikin watan Agusta, bayan azahar. Tun kafin ya sauka masu wuta suka ɗauke, gari ya yi duhu. Aka yi ta zubawa har lungunmu ya zama kogi. Wajen la'asar na ji Raudatu tana buga ƙofata tana cewa a taimaka. Muka shiga mu uku daga maƙwabta. Ruwan laka yana gangarowa ta jikin wayar, ya cika kwanon ya malale, ya jiƙa telen. Tsakiyar rufin ta yi ciki, azara tana ƙara a hankali, ƙasa tana zubowa kan gado. Duk ruwan da ya rasa hanya yana kwance a samanmu.

Ɗanƙarami ya durƙusa a gabanta. "Iya, za mu fitar da ke, zuwa zaure kawai, har a ɗauke."

"Ku bar ni."

"Iya, don Allah."

"Na ce daga nan sai makabarta. Ga shi an kawo mini ita har gado, ku bar ni."

Ba mu bar ta ba. Muka mirgina ta kan tabarma, kowa ya kama kusurwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A bakin ƙofa ta miƙa hannu ta riƙe itacen ƙofar, sai da ɗanta ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana kuka yana ba ta haƙuri. Muka ratsa tsakar gida cikin ruwa muka shimfiɗe ta a zaure. Ta ce a juya ta ta fuskanci cikin gida, muka juya ta.

Dab da magariba ɗakin ya zauna. Bai yi wata babbar ƙara ba, kamar an sauke buhunan gero ne daga kan amalanke. Rufin ya fara shigewa ciki, bangon baya ya bi shi, ruwan da ya taru ya kwararo tsakar gida ja wur, yana ɗauke da ƙwaryar turarenta. Ya Fanta tana kallo har ya gama. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, leɓenta kawai ke motsi.

Da safe unguwa ta cika gidan ana jaje. Ba nasu kaɗai ya faɗi a Birni ba a ruwan nan, da an bar shi a kan ƙaddara. Amma Baba Kolo ya hau kan tarin ƙasar yana dubawa, ya jawo indararon, ya ga baƙar waya ta fito ta bakinsa. Ya zura hannu ya zaro tsumman, ya riƙe shi yana ɗigar laka. Ya ajiye shi a kan dutsen niƙa. Mai Nasara yana tsaye a cikin masu jaje. Ya bi wayar da ido har gindin bango har ƙofar shago. Ya shiga zaure ya durƙusa ya gaida Ya Fanta, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ajiye mata goro. Da yamma ya zo da tsaninsa ya yanke layin.

Abdullahi ya iso kafin azahar, da katifa a bayan mota. An riga an gaya masa komai a salula. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce wa ƙanensa kawai shi ne, "Ko dala ba zan sa a ginin ƙasa ba." Da aka ɗauko ta za a sa a mota, Iya ta kama rigar Ɗanƙarami.

"Ka tono azarar nan ka jingine. Ƙasa ce ta faɗi, itacen lafiya lau yake. Irinsa babu shi yanzu."

"To, Iya."

Ya tono su kuwa, ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya jingina a bangon tsakar gida. Gaskiyarta, giginyar da aka tsaga su daga jikinta an daina samun irinta, masu nauyi ne kamar ƙarfe, gara ba ta taɓa su ba. Da su da ƙasar da ke nan, Baba Kolo ya ce bayan damina zai iya mayar da ɗakin.

Amma shago ba layi. Ƙwallo ta dawo daga hutu, samari suka koma wani gidan kallo a unguwar Zango. Cajin salula ba ya ciyar da mutum shida. Raudatu ta sayar da kwanukan jerenta, aka cinye. Ɗanƙarami ya sake hawa dutse, Mai Nasara ya ce ya tausaya masa, har ya rage masa wani abu, amma amandi sai an biya, don duk unguwa ta ga wayar, in ya yafe gobe kowa zai ja tasa. Sai ga wani ɗan kwangila da ke gina masaukin baƙi irin na gargajiya a bayan gari, ya ji labarin tsohuwar azara a Birni. Ya zo ya ƙwanƙwasa su da ɗan makullinsa, ya yi tayi. Ɗanƙarami ya ce ba na sayarwa ba ne. Bayan mako guda, ranar da 'yan matansa suka tafi makaranta da ruwa kawai a cikinsu, ya aika a kira ɗan kwangilar. Ina tsaye a ƙofar gidana aka loda su a amalanke, ƙanshin turaren wuta yana tashi daga jikinsu. Washegari Mai Nasara ya zo ya mayar da layin, baki ɗaya.

Da damina ta ja baya, na raka Ɗanƙarami Takieta gaida tsohuwar. Ɗakin da aka ba ta fari ne tas, da fanka tana juyawa, da babbar tele a manne a bango, Ka'aba a cikinta fes har kana ganin fuskokin mutane. Ya Fanta tana kwance ta juya mata baya. Matar Abdullahi ta ce tun zuwanta ba ta kalla ba, su dai suna kunnawa ko Allah zai sa. Ga kwanon koko a gefe, ya yi fata a sama.

Ɗanƙarami ya zauna a ƙasa kusa da kanta. "Iya, ga Makka can. In juya ki?"

"Bar ta, tana nan inda take." Muryarta ta yi siriri. "An ɗauke ruwa a Damagaram?"

"An ɗauke."

"Azarata fa? Ka rufe su? Rana ma tana tsaga itace."

Ya sunkuyar da kai. Na ji kamar in tashi in fita. Ya ce, "Suna nan, Iya."

"To ka gaya wa Kolo ya fara kwaɓa ƙasa tun yanzu, kafin sanyi. Kada ya sauya wa ƙofar wuri. Kuma ba sai an sa mini tele ba, ɗakin kawai." Ta lalubo hannunsa ta riƙe. "Ka yi sauri, Ɗanƙarami. Ba na son mutumin nan ya binne ni a garin da ban san kowa ba."

"To, Iya."

Muka fito bakin kwalta muka jira motar Damagaram. Can ya duba salularsa ya ce gara mu samu ta farko, akwai wasa da la'asar, kuma bai jera benci ba.